Inna Ba Ta Taɓa Faɗin Sunana Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shirin fita ofis da safen nan ƙanwata Hajara ta kira ni daga Daura. Inna ta rasu.



Ni ne ɗanta na fari, shi ya sa tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wancan" take ce mini. Amma duk ranar da wancan zai koma makaranta, sai ya tarar da ƙullin ƙuli-ƙuli a ƙasan jakarsa, ita kuma ta nuna ba ta san zancen ba.

Da ciwon mantuwa ya kama ta, wani irin zuwa ya yi. Tana karanta Tabaraka ba gargada. Ta san Lahadi ce kasuwar Mai'adua. In an dama fura, tana kurɓa za ta ce citta ta yi kaɗan. Mutane ne kawai suka ɓace mata. Likita ya ce haka yake yi wa wasu, ni dai raina bai karɓa ba.

Zuwana na ƙarshe, tana ganina ta ja mayafi.

"Sannu da zuwa, Malam. Daga ina?"

"Daga Kano, Inna."

"Ayya, nawa na fari ma yana can. Aiki ya riƙe shi."

Na ce bari in gwada ta. "Yaya sunansa? Ƙila na san shi."

Ta rufe baki tana dariya. "Kai Malam! A garinku ana faɗin sunan ɗan fari?"

Kunya ce, ko sunan ne ma ya tafi? Ban sani ba. Wallahi haushi na ji, kamar da gangan ta yi. Ko ruwa ban sha ba na miƙe. Ina soro ina jin muryarta, wai in na gan shi in ce ya leƙo.

Sallah ta zo ta wuce, ban leƙa ba. Na ce me zan je yi tunda ba ta gane ni? Ban tsaya na tuna cewa ni ai na gane ta ba.

Ga ni a mota yanzu. An ce jana'iza ba za ta jira ni ba, kuma sun yi daidai.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinta. Don Allah ku sa ta a addu'a. Ni ma ku roƙa mini Allah Ya sa ta yafe mini.