Ciyawar Kan Siton Albasa

Halliru magini ne ɗan Dinawa, mai yaɓe da rufin azara. Duk gabatowar damina shi ake kira ya hau ɗaki ya tuge ciyawa, ya toshe tsaga, ya gyara indararo. A ganinsa ciyawa kan rufi shaida ce ta maigida malalaci ko gidan da ya zama kango, kuma yana faɗin haka ko gaban wa. Da kowa ya koma rufin kwano, sai kiran ya ragu, har ya daina zuwa.

Yana cikin wannan zama Hajiya Sharifa, mai fataucin albasa a Goronyo, ta aiko masa. Tana da ƙaton sito mai rufin kankare, zafi na ruɓar mata da kaya tun kafin 'yan Kudu su zo saye. Ɗanta Yazid, injiniya, ya ce a shimfiɗa leda da tsakuwa a saman, a zuba ƙasa, a dasa ciyawa irin su kirikiri da fasa-ƙaba don cikin ya yi sanyi. Ana neman wanda ba ya tsoron bisa, ya dasa ya kuma riƙa ban ruwa.

"Haki za ni shuka bisa ɗaki, Hajiya? Ni?" in ji Halliru da ya zo ya ji zancen ciyawar.

"Kai, Baba Halliru. In albasa ta kai damana lahiya, aikin naka na."

Ya karɓa, don gida babu hatsi. A Dinawa kuwa cewa ya yi rufi yake dubawa, bai ambaci dashen ciyawar ba. Abin mamaki, da saman ya yi kore shar, siton ya yi sanyi, sai ga Halliru yana tsugunawa yana shafa ganyen. Ya so abin nan ƙwarai, kunyar faɗi kawai yake ji.

Ana tsakar bazara zazzaɓi ya kwantar da shi. Ranar kasuwa abokan sana'arsa, su Mode, suka shigo Goronyo, suka hango ciyawa ta cika rufin da aka ce Halliru ke dubawa. Abin ya yi musu ciwo. Suka ari tsani wajen maigadi, wanda ya ɗauka aiko su aka yi, suka tuge ta tas, har ƙasar suka kwashe suka zubo. Da maraice ya yi suka je gaishe shi.

"Kwanta abinka," in ji Mode. "Mun ishe haki ya cinye ɗakin Hajiya, mun ka hidda shi dut. Ba mu bari a yi ma dariya kana kwance."

Halliru ya tuna albasar da ke jibge ƙarƙashin kankaren, ga rana ana yi kamar wuta. Ya dubi hannayen tsofaffin nan, duk sun yi bororo saboda shi.

"Mi na na, Halliru?" Mode ya tambaya.

"Ba komi," Halliru ya ce. "Sannunku da aiki. Allah shi saka da alheri."