Yatsa Biyu

Ni da yatsa biyu nake buga takarda, manuniyar dama da ta hagu, kaina a sunkuye kamar kaza a kan tsaba. Haka na koya a bisa tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da na sayo daga Damagaram, kuma haka na ci abinci shekara da shekaru a ɗan shagona na gefen kasuwar Diffa. Abokai kan tsokane ni, su ce sauran yatsu takwas ɗin fansho suka yi. Ni kuwa in ce musu wasiƙa ba ta tambayar da yatsa nawa aka buga ta. Na yi saurin da har haruffan jikin kilabiyena, wato allon maɓallan da ake dannawa, suka goge, duk suka koma baƙi wuluk, amma ban damu ba, ido ya riga ya san gidan kowane.

Bayan mutanen da rikici ya koro daga Najeriya sun tsallako kogin Komadugu sun zauna a Assaga, wani furoje, wato ƙungiyar agaji, ya riƙa kawo mini jerin sunayensu ina bugawa. Aikin ya riƙe shagona sosai. Sai wata rana shugaban biron, wato ofishin furojen, ya ce suna son ɗaukar mutum guda na dindindin, ni zan gwada masu nema a shagona. In ba a samu gwani ba, aikin ya ci gaba da zama a hannuna. Na ce to, amma raina bai so ba.

Mutum huɗu suka zo. Uku irina ne, har ma na fi su. Ta huɗu wata mata ce daga ƙetaren kogi, siririya, da goyo, ta riƙo takardar shaidar makarantar koyon buga takardu a cikin leda. Ruwa ya taɓa takardar, hatimin ya dishe. Ta gaishe ni da Hausarta ta Barebari, ta kwance goyon ta miƙa wa wata tsohuwa da ta rako ta, ta zauna.

Ban taɓa ganin zama irin wannan ba. Ta miƙe baya, ta jera yatsu takwas a layin tsakiya, ta ɗan lalubo ƙurajen nan biyu da ke bisa maɓallai, waɗanda ni na ɗauka kuskuren masu ƙira ne. Ta kafa ido a kan takardar da za ta kwafa. Shugaba ya ce a fara. Sai ƙara ta tashi kamar ruwan sama a kan kwano. Ba ta dubi hannunta ba, ba ta dubi gilashin na'urar ba. Kishi ya turnuƙe ni, ba zan ɓoye ba.

Ina tsaye a bayanta na ga abin da ke fitowa. Duk inda harafin a ya kamata, q ne. Duk inda m ya kamata, waƙafi ne. Nan take na gane. Kilabiyenmu na Faransa ne, nasu na can na Ingilishi, wasu haruffan ba gida ɗaya suke ba. Na san wannan sarai, domin 'yan kasuwar Najeriya kan kawo mini na'urorinsu. Na kuma san gyaransa: maɓalli biyu ake dannawa tare, na'ura ta juya zuwa irin nasu. Aikin yatsa biyu ne, irin nawa. Na zura hannuwana a aljihu.

Cikin minti biyar ta cika shafi ta shiga na biyu. Sai ta ɗaga kai ta ga abin da ke kan gilashin. Ta dubi kilabiyen, babu harafi ko ɗaya da zai gaya mata gaskiya. Ta dubi yatsunta.

Shugaba ya leƙa, ya ce, "Wannan wane yare ne?" Ya juyo wajena. "Kai ne masani, me ka gani?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, sauri ba shi ne aiki ba. Masu wannan salon haka suke, ga ƙara ba ma'ana."

Ta ce, "Oga, a bari in sake, don Allah."

Na ce akwai masu jira. Babu kowa a waje sai tsohuwa da jinjiri. Ta mayar da takardarta cikin leda, ta yi mana godiya, ta fita. Aikin ya zauna a shagona.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa wanda zai yi aiki a ƙasarmu, shi ya kamata ya san kayan aikinmu. Magana ce mai kyau, har na kusa yarda da ita. Amma kwana biyu ta ishe ta ta saba, ni ma na sani.

Bayan kamar shekara uku, lokacin tsinkar tattasai, na bi wani aminina manomi zuwa gonarsa ta bakin kogi, kusa da Assaga. Mata na zaune a kan buhuna suna tsince busasshen tattasai, mai kyau gefe, mai tabo gefe. Hannun na fara ganewa kafin fuskar. Yatsu goma na aiki, ita kuwa tana kallon wani wuri tana hira. Na so in zame, ta riga ta gan ni.

"Malam mai ordinatar! Ina gajiya? Yaya shago?"

Na amsa. Sai na tambaye ta ko ta samu aikin biro a wani wurin.

Ta yi murmushi. "Haba, Malam. Ai tun ranar ban ƙara taɓa na'ura ba. Ka ga a makaranta ni ce ta ɗaya. Amma abin da muka gani a hanya, ashe ya taɓa mini kai ban sani ba. Hannu na tafiya daban, hankali daban. Gara da na gano a wajenka, da a ce sun ɗauke ni na ɓata sunayen bayin Allah fa?"

Gaskiyar ta zo mini har baki. Jimla ɗaya ce: kanki lafiya lau, kilabiyen ne, kuma na sani. Matan duk suna kallona, aminina na tsaye. Na ji kunyar su fiye da yadda na ji tsoron Allah, wannan ita ce gaskiya.

Na ce, "Allah ya sawwaƙe."

Ta ce amin. Ta ɗebi tattasai mai kyau daga nata ladan, ta ƙulle a leda, ta ce in kai wa iyali, tunda na yi haƙuri da ita ran nan ban yi mata dariya ba. Na miƙa hannu biyu na karɓa.