Narelle da Layukan Wataƙila

Shekara goma sha tara Narelle Vassallo ta yi a wani kamfanin manyan motoci a unguwar Sunshine, wayoyi uku a gabanta, tana raba wa direbobi aiki. Sai da 'yarta ta gama jami'a sannan ita ma ta ɗauki jaka ta shiga ajin lissafi, tana da shekara arba'in da huɗu. Ni na san ta ne bayan ta kammala, da aka ɗauke ta aikin rubuta wa kwamfuta umarni a sashenmu na lissafi a jami'a, aka ba ta teburin da ke kusa da nawa. Ranar farko ta zo da pastizzi, wani gashin fulawa mai maiƙo, da zafinsa a ƙunshi, ta ajiye a kan takardun shugabanmu, Farfesa Alastair Penfold, mai ya nashe su.

"Lissafin wata uku ne wannan," in ji shi.

"To yanzu ya yi ƙamshi, Al. Ɗauki biyu, ka rame."

Aikin da muke yi wani asibiti ne ya kawo mana. Mutum na son ba matarsa ƙoda, jininsu bai dace ba. Can kuma wata na son ba ƙanenta, su ma haka. Sai a yi musaya, wannan ya ba ƙanen waccan, waccan ta ba matar wannan. Wani lokaci gida uku ake haɗawa a zagaye. A allonmu kowane gida ɗigo ne, inda ake sa ran dacewa sai a ja layi. Matsalar ita ce kowane layi wataƙila ne. Sai an yi gwajin jini na ƙarshe ake sanin gaskiya, kuma ba za a yi ta gwada kowa da kowa ba, ga tsada, ga marasa lafiya na jira.

Hanyar da ta fi kowace kyau, ko an bar kwamfuta tana nema har jikokinmu su tsufa ba za ta gama ba. Don haka ta kusa da ita muke nema, wadda za mu iya rantsewa a kanta: in aka ɗauki matsakaici, ba za ta kasa kaso kaza ba cikin abin da mai sanin sakamakon kowane gwaji tun farko zai samu. Hanyarmu a rabi ta tsaya. Shekara biyu Alastair na turawa, ko gezau.

Wata Talata Bronwyn, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da shirin a asibitin, ta zo mana ranta a ɓace. Zagayen gida uku ya rushe saboda layi ɗaya ya karye, kowa ya koma wankin ƙoda. Narelle ta miƙe ta tsaya gaban allon, ta daɗe tana kallo.

"Wane wawa ne ya tura mota garin Ballarat ba kayan dawowa?"

"Kwamfutar ce," na ce.

"Kai ka rubuta mata, Gareth. Ni ban taɓa tura direba unguwar da ba ni da aiki na biyu kusa ba. Mai kaya ya ƙi buɗe ƙofa, sai ya sha kwana ya ɗauki na biyun. Ku duba nan!" Ta ƙwace alli daga hannuna. "Ku zaɓi ukun da biyu daga cikinsu za su iya musaya tsakaninsu. In na ukun ya faɗi, waɗannan biyun ba su tashi a tutar babu ba."

Alastair ya ce an taɓa tunanin irin wannan, kuma zaɓen haka zai sa a bar wasu zagaye masu kyau. Ta ce ya bari ta gwada. Ta sa kwamfuta ta riƙa ƙirƙiro zane ta hanyar ƙuri'a, ɗigo da layuka barkatai, har zane dubu goma, kowanne ana karya layukansa yadda ƙuri'a ta faɗa. Muna cin abincin rana sakamako ya fito, ya zarce rabi. Ihun da ta yi, sai da masu ofishin gaba suka leƙo.

"Al! Zo ka gani! Kawo tabaranka, kada ka ce ban faɗa maka ba!"

Ya zo da sauri cokali a hannu. Ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa.

"Zane dubu goma ba hujja ba ce," ya ce. "Akwai na dubu goma da ɗaya."

"To zauna mu kamo shi."

Wata biyar suka yi suna faɗa a gaban allon nan. Shi ya rubuta hujja, ita ta ƙirƙiro zanen da zai ƙaryata shi. Sau biyu tana rusa masa hujja, yana kiranta annoba, tana ce masa tsohon injin da ba ya tashi sai an tura. Ana cikin sanyin Yuli, lokacin hunturun ƙasar nan, wata safiya, ya ja layi a ƙarƙashin adadi ya juyo. Hamsin da bakwai cikin ɗari. Narelle ta nemi zanen da zai karya shi har kwana tara, ba ta samu ba. Rana ta goma ta rungume shi ta ɗaga shi sama, dattijo mai shekara sittin da uku, yana ihu ta sauke shi saboda bayansa.

Mijinta Joe, mai gyaran famfo, da ta gaya masa a waya, cewa ya yi, "Duk wannan murnar a kan bakwai?"

"Bakwai cikin ɗari mutane ne, sakarai! Sayo kifi, yau biki muke."

Asibitin bai karɓa nan take ba, sai da kwamitinsu ya shekara yana bincike. A zagayen farko da aka yi da hanyar, layi ya karye kamar yadda ya saba. Bronwyn ta bugo waya, Narelle ta sa mu duka muna ji.

"Na ukun bai dace ba," in ji Bronwyn. "Amma sauran biyun sun dace da juna. Ranar Alhamis za a shiga da su."

Narelle ba ta yi ihu ba wannan karon. Zama ta yi, ta tambayi me za a yi wa na ukun. Aka ce zai jira zagaye na gaba. Ta ce to, ta jawo takarda ta fara zane. Ba a taɓa gaya mana sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, lamba kawai muke gani.

Da aka buga takardar binciken a mujalla, sunanta ne a gaba. Aka gayyace ta taro a birnin Auckland, ta yi jawabin minti ashirin, wani matashin malami ya tashi ya tambaye ta a ƙarƙashin wa ta yi digirin digirgir. Ta ce ba ta yi ba, sannan ta tambaye shi ko yana da tambaya a kan shafi na shida. Yana da ita kuwa, suka kwashe awa ɗaya a baranda suna gardama. Yanzu tare suke aiki, a kan zagayen gida huɗu.