Ƙarar Motar Mirzomurod

Usto Nazarali, babban makanikin unguwarmu, ba ya duba mota sai ya saurare ta. Duk wanda ya kai masa gyara a garin Panjakent ya sani: za ka karya sitiyari har ƙarshe, ka riƙa zagaya filin garejinsa a hankali, shi kuma yana tsugune, ido a rufe. Ni maƙwabcinsa ne, a can nake shan shayina. Ya taɓa gaya mini cewa motocin direbobin da suka rasu ma bai manta kukansu ba, wani lokaci yakan ji su a bakin ƙofa.

Cikinsu har da ta amininsa Mirzomurod, mai jigilar fasinja ta kan duwatsu zuwa Dushanbe. Ciwon zuciya ya ɗauke shi, motar ta zauna a gida. Da ɗansa Bahtovar ya yanke shawarar gadon sana'ar, sai ya kawo ta gareji, mahaifiyarsa Zebiniso na biye da gurasa a ƙunshe.

Bahtovar ya zagaya. Ƙafar gaba ta hagu ta soma: ƙas, ƙas, ƙas.

Usto ya daɗe bai buɗe ido ba. Sannan ya ɗaga motar a jak, ya cire taya. Robar da ke rufe gaɓar shaf, ƙarfen da ke juya taya, ta yage, an naɗe ta da leda da waya, giris ya cakuɗe da yashi.

"Aikin babanka ke nan," ya ce wa Bahtovar. "Leda. Sau nawa na ce ya kawo, ya ce sai bayan bikin wane."

"Robar kawai za ka canza, Usto," in ji Zebiniso.

"Matar ɗan'uwana, roba riga ce. Gaɓar ce ta ci yashi. Ko na sa sabuwar roba, ƙarar tana nan."

"Na sani. Shi ya sa."

Bahtovar ya yi dariya. "Inna, ashe makanikanci kika koya a ɓoye?"

"Rufe mini baki, kai da ko fakin ba ka iya ba." Ta juya ga Usto. "A da, in babansa ya karyo kwanar lungunmu, wannan ƙarar nake ji in ɗora shayi. Shekaranjiya yaron nan ya gwada motar, na tashi na ɗauko kofin babansa. Ka bar mini ita."

Usto ya goge hannu da tsumma, ya sake gogewa.

"A lungu ƙara ce," ya ce. "A kwanar dutse, da mutane a baya, in gaɓar ta saki, ba ƙara ba ce. Ba zan ɗaura sabuwar roba a kanta in ce masa Allah ya kiyaye hanya ba."

Ba wanda ya taɓa gurasar. Can Zebiniso ta ce a mayar da tayar. Aka mayar, aka sauke motar, ta sa ɗanta ya sake zagayawa. Ta tsaya tsakiyar fili riƙe da bakin mayafinta, motar na kewaya ta, ƙas, ƙas, har ƙura ta rufe mata takalmi. Usto ya juya baya yana neman sifanar da ke hannunsa.

"Ya isa," ta ce. "Cire."

Usto ya zare tsohuwar gaɓa, ya sa sabuwa, ya cusa giris da yatsa, ya zura roba, ya matse ƙarfenta. Motar ta fita shiru.

Bahtovar yana hawa dutsen yana dawowa lafiya. Sai dai yanzu uwarsa ba ta sanin ya iso sai ya yi sallama a kanta.

Da lokacin kaka ya shigo, Zebiniso ta leƙo gareji ina zaune.

"Usto, ɗazu na ji ya karyo lungu."

"Bahtovar?"

"Bahtovar yana Dushanbe tun jiya."

Usto ya matsa mata kujera, ya zuba mata shayi. Ya tambaye ta wajen wane lokaci ne ta ji.