Cocin da Ke Bin Baba Jam'i

Jiya ina kakkaɓe tsohuwar rigar Baba sai kwabonsa na tarihi ya faɗo, har yanzu yana ƙanshin turarensa. Wani matuƙin jirgin ruwa ya ba shi. Hoton gini ne a jiki mai ƙatuwar ƙubba, Baba kuwa ya rantse masallacin Turkawa ne. Duk baƙon da ya sha shayi a gidanmu na unguwar Ammariyya sai ya gani.

Wata rana, Baba na da rai, na ƙura wa kwabon ido. "Baba, wallahi coci ne, ga gicciye a sama."

Ya karɓe abinsa ya mayar aljihu. "Halas, ya isa haka, ya waladi, ɗana. Shekara talatin yana aljihuna yana bi na jam'i, bai taɓa makara ba. Kai fa?"

Tun da kwabon ya dawo aljihuna, yau da azahar ya fara makara. Allah ya jiƙan Baba, ya ba shi sahun gaba can ma.