Filas ɗin da ke Wuyan Kawu

Kawuna mai gyaran kwamfuta ne a wani ɗan shago ƙarƙashin bene, kuma kullum filas ɗinsa, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, na rataye a wuyansa. Da kansa yake haɗa shi. Sai ya goge shi tas, ya ɗora masa manhajar da ke tada kwamfuta ba intanet, ta cire kalmar sirrin da aka manta. In ya soka shi a kwamfuta, wani koren layi na rarrafe a allo, shi kuwa ya yi tagumi yana kallon fanka, wai yana tunanin inda kalmomin da aka manta suke zuwa.

Wata rana wata dattijuwa ta kawo kwamfutar marigayi mijinta. Kawu ya soka filas ke nan, sai ta ce, "Dakata, ɗana. Zai nuna min kalmar da ya sa?"

"A'a, Mama. Goge ta zai yi, kwamfuta ta buɗe."

Ta daɗe tana shafa murfin kwamfutar.

"Kullum da safe nakan gwada ɗaya. Na gama sunayen yara. Sunana ne kawai ban gwada ba tukuna."

Kawu ya zare filas ɗin, ya naɗe mata cajar a hankali.