Neman Kaska a Garken Goggo

Asabar: Kaduna zuwa Birnin Gwari

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ina idar da salla na saɓi jakata sai tasha. Babu abin arziki a cikinta, ƙananan kwalabe ne da hantsaki da sirinji da safar hannu da ɗan fulas mai ƙanƙara. A ɗakin gwajin cututtukan dabbobi nake aiki, kuma Goggo Hajara, yayar mahaifina da ke wani ƙauye a Randagi, ta yi mini waya cewa tumakinta suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Daga goma sha ɗaya saura bakwai. Tun rasuwar mijinta su ne cinta, su ne suturarta. Da ta lissafa mini zazzaɓi da jan fitsari da ido fari fat, sai na zargi kaska. Amma zargi ba ya magani, sai na samo kaskar da jinin mara lafiyar na duba.

Mota ba ta cika ba sai bakwai saura kwata. Direbanmu Ɗanlami mutum ne mai fatawa a kan komai, daga siyasa har maganin basir. Muna wuce Buruku ramuka suka fara yi mana maraba. Da muka shiga daji sai kowa ya yi tsit, har Ɗanlami, ba ka jin komai sai salati ƙasa-ƙasa. Kilomita ɗari da 'yan kai, amma sai sha ɗaya muka isa Birnin Gwari. Na huce da waina da miyar taushe ta naira dubu.

Birnin Gwari zuwa Randagi

Daga nan sai babur. Damina ce, hanyar duk taɓo, sau uku ina sauka ina tura abin da na biya kuɗi ya ɗauke ni. Mun isa ƙarfe biyu da rabi.

Goggo ta tarbe ni da fura mai nono, tana ta "lale da likita". Na ƙosa, na ce a kai ni turke. Ina zuwa sai na ja na tsaya. An share wurin tas, an zuba sabon yashi, tumaki sai sheƙi suke. Na buɗa kunnuwa, na ɗaga wutsiya, na lalube hammata. Ko kaska ɗaya babu.

"Goggo, ina kaskar?"

"Haba ɗan nan! Baƙo zai taso tun daga Kaduna in bar shi ya ga dabbobina da ƙazanta? Jiya ni da maƙwabta muka tsince su kaf, muka zuba a murhu."

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Da hannu tsirara kuwa suka tsince, wasu ma da farce suka fasa, alhali akwai cutar kaska da ke kama mutum. Na yi mata wa'azi a kan haka, ta saurara irin sauraron da manya ke yi wa yaro. Ina cikin magana idona na ƙirga. Shida.

"Ba bakwai kika ce ba?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zani. Na ce, "Goggo, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Sai ta ja ni bayan rumbu. Ga tsohuwar tunkiya a kwance an lulluɓe ta da buhu, numfashi da kyar. Ita ce uwar garken, marigayi ne ya saya mata ita.

"Na san halinku," in ji ta. "Kana ganinta za ka ce a yanka."

Wallahi tausayinta ya kama ni. Na rantse mata wuƙa ba ta cikin kayana. Da yake tun shekaranjiya aka ɓoye ta, masu tsinta ba su kai gare ta ba: kunnuwanta cike da kaska, manya kamar wake. Na cire da hantsaki, na ɗebi jini, na sa a fulas mai ƙanƙara. Na kwana a zaure bayan tuwon dawa da miyar kuka.

Lahadi: Komawa

Ƙarfe shida na kama hanya. A wani shinge soja ya ɗaga kwalbata sama.

"Malam, mene ne wannan?"

"Kaska ce, ranka ya daɗe."

"Mutane na dawowa da masara, kai kaska? Wuce, Allah ya shirya."

Na shiga gida la'asar sakaliya. Washegari na sa jinin a na'ura, ga ƙwayoyin cutar da kaska ke yaɗawa zaune cikin jan jini. Likitanmu ya rubuta allura da maganin wanka, Ɗanlami ya kai, malamin dabbobi na yankin ya yi wa tunkiyar. Allah ya saka musu da alheri, su da mai babur da bai jefa ni a rafi ba. Alhamdu lillahi.

Kwana tara ba labari, har na fara jin tsoron ƙarar waya. A na goma Goggo ta kira tana faɗa.

"Tsohuwar nan ta cinye mini rabin garin da na shanya!"

"To, ba ki kore ta ba?"

"In kore ta? Zama na yi ina kallonta har ta ƙoshi."